Ranar da Muka Ɗaura Tamostat a Juye

A hutun watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, iyayenmu suka haɗa mu mu uku, dukkanmu 'yan aji biyu na babbar sakandare, suka kai mu garejin wani bakanike a unguwarmu don kada mu yi zaman banza. Kwana goman farko ba abin da muka iya sai miƙo sifana, da wanke noti da kananzir, da sayo wa Oga shayi. Sai muka fara ƙunƙuni, wai an raina mu, alhali mun karanta yadda injin ke aiki a makaranta.

Ana cikin haka wani dattijo ya kawo tsohuwar bas ɗinsa ta haya. Da ita yake ci da iyalinsa. Ya ce motar tana yin zafi, musamman in ya yi lodi ya hau babban titi. Ya ce tuni wani ya cire masa tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne, ba a bukatarsa a nan, amma zafin bai daina ba.

Oga bai yi saurin taɓa sifana ba. Ya duba ruwa, ya bi tiyo-tiyo ko akwai yoyo, ya duba fanbel da fanka, sannan ya sa aka sauke lagireto. Da aka buɗe sai ga hanyoyinsa sun toshe da tsatsa da farin gishiri-gishiri, sakamakon ruwan rijiya da aka daɗe ana ɗura masa. A nan cutar take. Aka wanke shi tas. Daga nan Oga ya ce dole a mayar da tamostat, ya aika aka sayo sabo.

Muka tambaye shi amfaninsa, tunda motoci da yawa suna yawo babu shi. Ya ɗora shi a tafin hannunsa, ɗan ƙarfe ne da bai wuce murfin kofi ba. Ya ce ƙofa ce tsakanin injin da lagireto. A cikinsa akwai ɗan kwanso mai kaki. Idan injin da sanyi, kakin a daskare yake, ƙofar tana rufe, ruwa yana zagayawa cikin injin kaɗai har ya ɗumama da wuri. Idan ruwan ya kai zafin da aka ƙayyade, kakin ya narke ya kumbura, ya tura sandar da ke ciki, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Ya nuna mana lamba 82 da aka buga a jikinsa, wato a kusan digiri 82 yake fara buɗewa. Idan aka cire shi, injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safe a hunturu, sai ya riƙa shan mai fiye da kima, kayan cikinsa kuma su riƙa cinyewa da wuri. A wasu injinan ma, gindin tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, don haka in babu shi, wani ɓangare na ruwan zafi ba ya ma zuwa lagireto.

Sai aka kira azahar, kuma Oga yana da aike a kasuwar kayan gyara. Ya ce, "Yarana, ku jira ni in dawo." Yana ba da baya muka kalli juna. Noti biyu ne kacal. Mu da muka ji bayani yanzu-yanzu, me zai gagare mu? Muka cusa tamostat a mazauninsa, muka ɗora murfi, muka ɗaure, muka kwarara ruwa har ya cika. Dattijon ya dawo daga masallaci muka ce masa, "Baba, an gama." Ya sa mana albarka, ya ba mu na sayen ruwa, ya tafi.

Ko minti ashirin ba a yi ba sai ga wayarsa ta shigo wa Oga, wanda dawowarsa ke nan. Allurar zafi ta kai ja, ya kashe motar a bakin titi, fasinjoji sun sauka suna ta mita. Muka hau babur muka bi Oga, gabanmu yana faɗuwa.

Muna isa, ɗayanmu ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto. Oga ya buge masa hannu da ƙarfi. Daga baya ya yi mana bayani cewa murfin nan yana danne ruwan ne, shi ya sa yake iya kaiwa kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an buɗe shi da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya feso a fuska. Ya ce ya ga yaron da hakan ta saɓule wa fatar hannu.

Muka jira injin ya ɗan huce. Oga bai ce mana komai ba, sai ya ce mu kai bayan hannu kusa da injin, sannan mu taɓa lagireto. Injin kamar garwashi, lagireto kuwa ɗumi-ɗumi kawai. Ya ce, "To, me wannan ya gaya muku?" Muka ce ruwa ba ya wucewa. Ya ce mu kwance abin da muka ɗaura. Muna ɗaga murfin muka ga aikinmu: ɓangaren da ke da sifirin da kwanson kaki, wanda ya kamata ya kalli injin, mun juya shi yana kallon tiyo. Kakin bai ji zafin injin yadda ya kamata ba, ƙofa ta ƙi buɗewa a kan lokaci. Akwai kuma wata 'yar huda mai ɗan ƙarfe yana lilo a gefen tamostat ɗin, wadda ake ajiyewa ta sama don iska ta fita. Mu ko lura da ita ba mu yi ba.

Oga bai zage mu ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo. Ya ce mu da bakinmu za mu gaya wa dattijon abin da muka yi. Muka durƙusa muka faɗa masa, muka mayar masa da kuɗinsa. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Da ban kalli allurar nan ba, da wa zai biya injin?" Babu wanda ya iya amsawa. Da ya ci gaba da tafiya, gaskit ɗin kan injin zai iya ƙonewa, ko kan injin ɗin ya lanƙwashe, ya yi kwanaki babu aiki.

Da muka koma gareji, Oga ya sa muka ɗora tukunya a risho, muka rataya tamostat a cikin ruwa da waya. Kafin ruwan ya tafasa muka ga bakinsa yana buɗewa a hankali, da ya huce ya rufe. Haka ake gane mai lafiya. Sannan muka kankare mazauninsa, muka sa sabuwar roba, sifirin ta ciki, huda ta sama, muka ɗaure notin bi da bi. Muka zuba ruwan sanyaya injin a hankali, muka tayar da mota murfi a buɗe tun tana da sanyi, har kumfar iska ta daina fitowa, muka ƙara ruwa muka rufe. Ya sa Oga ya duba ma'aunin baƙin mai ko ya koma launin shayi da madara, da salansa ko tana fitar da farin hayaƙi. Allah Ya taimake mu, babu ko ɗaya.

A littafin da muke rubuta darasin makaranta, a shafin ƙarshe, mun rubuta abin da muka koya a ranar. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce a kan titi, a fara duba fanka. Wadda ke zafi da lodi ko da gudu, a duba lagireto da famfon ruwa. Injin da zafi, lagireto da sanyi, a duba tamostat. Ruwa yana raguwa babu yoyo a waje, a zargi gaskit.

Har yanzu dattijon yana wucewa ta ƙofar makarantarmu da safe. In ya hango mu yakan danna oda, ya nuna mana allurar da yatsa, mu kuma mu sunkuyar da kai muna dariya.