Ɗan Daudu a Majigi da Ɗan Daudu a Bakin Murhu

Yaron da ya tashi a Kaduna, kamar yadda na tashi a Unguwar Dosa, yakan san finafinan Indiya tun kafin ya san inda Indiya take. A cikinsu na fara ganin mutanen da ake kira hijira. Ba hijirar ƙaura ake nufi ba. Jama'a ce ta waɗanda akasarinsu aka haifa maza, amma suke zama da shigar mata a ƙarƙashin shugabanninsu, suna zuwa gidan suna da gidan biki su yi waƙa da tafi a ba su kuɗi. Mu dai 'yan kallo suna ɗaya muke ba su, watau 'yan daudu.

Kamancen bai cika ba. A 2014 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da hijira a matsayin jinsi na uku, alhali da yawa daga 'yan daudunmu magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Inda suka yi tarayya shi ne irin rabon da majigi ya ba su: ko abin dariya, ko abin tsoro. Alal misali, a fim ɗin Sadak na 1991, Maharani mugun mai gidan karuwai ne. Sai a Tamanna na 1997 aka nuna Tikku ya tsinci jaririyar da aka yar, ya rene ta kamar uwa.

A finafinanmu na Hausa kuwa ban taɓa cin karo da irin Tikku ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a ɗan daudu, mun kuwa yi dariya har da hawaye, gama gwani ne. Amma me aka nuna? Ɗaurin ƙirji, da karairaya, da tafa hannu, da shewa, sa'an nan a ƙarshe a kore shi ko ya tuba. Ba a nuna mutumin da na sani a bakin titin unguwarmu ba, wanda tun asuba yake hura wuta, ya tuƙa tuwo, ya soya kaji, ya ba leburori abinci bashi har ƙarshen wata. Waɗanda suka ci tuwonsa da rana su ne ke kwaikwayon tafiyarsa da dare.

A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna daudu a fim. Na fahimci dalilinta, domin addininmu ya hana namiji kamanta kansa da mace, ba kuma gardamar wannan na zo yi ba. Sai dai cire mutum daga majigi bai cire shi daga tasha da kasuwa ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa shi ne harshensu. Da wuya a sami masu sarrafa habaici da zambo da karin magana kamar 'yan daudu, ga kuma daɗaɗɗiyar dangantakarsu da bori. Duk da haka, littafin da ya fi shahara a kan maganarsu, Allah Made Us na 2009, wani Ba'amurke ne, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta shi, da Turanci. Mu da muke jin habaicin ba tare da tafinta ba, kunya takan hana mu ko kai wa malami irin wannan take a matsayin kundin digiri.