Kamun Ludayinmu

Da wuya a sami gidan da babu ludayi a ƙasar Hausa. Da shi muke shan fura da koko da kunu tun muna ƙanana. Amma sabulu yana da suna da tambari, ashana ma haka, shi kuwa ludayi a tsirara yake zuwa kasuwa, ba a san wa ya noma duman ba, balle wanda ya fafe shi. Ga kuma cokalin roba ya cika gari, masu sana'ar sai kukan rashin ciniki suke yi.

Wannan ne ya sa mu 'yan aji biyar muka zaɓi ludayi a darasin zane na zangon nan, da aka ce mu ƙirƙiro wa wani kayan gida tambari da mazubi. Mahaifin ɗaya daga cikinmu fafar ƙwarya ce sana'arsa, don haka aikin ya wuce neman maki.

Gardama ta fara tashi a kan tambari. Wasunmu suka ce a sa Dagin Arewa. Wasu suka ce ai dagi yana jikin gine-gine da riguna da motoci, ba zai bambanta kayanmu da na kowa ba. Malaminmu ya ba mu gwaji ɗaya: a rage kowane zane ya dawo girman farcen babban yatsa. Wanda aka iya ganewa daga bayan aji, shi ne tambari. Zane mai tarkace duk ya cakuɗe. Wanda ya tsira shi ne ludayi biyu masu fuskantar juna, kamar yadda suke kafin a raba duman gida biyu. Layinsa kaɗan ne, ana iya ƙona shi a jikin mariƙi da ƙarfe mai zafi, yadda ake zanen ƙwarya tun kaka da kakanni.

Mazubin ya fi ba mu aiki. Ludayi ba inji ke buga shi ba, kowanne da girmansa da lanƙwasarsa, kwali ɗaya ba zai ɗauke su duka ba. Leda kuma tana tare iska, in da sauran danshi sai ya yi funfuna. Sannan in kuɗin mazubi ya fi na ludayin, wa zai saya? Sai muka yanka 'yar takarda mai kauri, muka ɗaura ta a mariƙi da igiyar rama. A gaba tambari da suna, da boko da ajami, don kakanninmu ma su karanta. A baya sunan garin da aka yi shi, da gargaɗi: a wanke, a kife ya bushe.

Kada wani ya ce mun yi ƙanana. Ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana tambarin Nike a 1971, aka biya ta dala 35. Taiwo Akinkunmi ma yana ɗalibi a Landan ya zana tutar Najeriya da aka ɗaga a 1960.

Mun kai wa mahaifin abokinmu ludayi goma masu tambari ya gwada a ranar kasuwa. Ya jujjuya ɗaya a hannu, ya ce zanen ya yi, amma mu rage igiyar don kada ta riƙa tsoma cikin fura. Makon gobe za mu koma mu ji nawa aka saya.