Hawan Mambila da Motoci Biyu

Yayanmu likitan dabbobi ne, ya daɗe yana zaune a Nguroje, can bisa tsaunin Mambila. Duk motocin da ya taɓa mallaka 'yan Kwatano ne. Bana da Allah ya hore masa, sai ya ƙuduri aniyar fitar da sabuwa dal a leda. Dillalin da ya tuntuɓa a Abuja ya shaida masa cewa samfurin da yake so iri biyu ake kawowa: akwai mai giyar hannu, wadda aka fi sani da manuwal, akwai kuma mai giyar zamanin nan da ake kira CVT. Wannan zaɓin ne ya zame mana abin hira tun daga Jalingo har Gembu, lokacin da muka tafi ɗaurin auren 'yarsa ta fari a ƙarshen damina.

Motoci biyu muka yi. Kawunmu, tsohon direban haya wanda ya ci zamanin Fijo 504 ta Kaduna, yana riƙe da tsohuwar motarsa mai kulochi. Autanmu kuwa ya taho daga Abuja da tasa mai CVT, wadda ba ta cika shekara ba. Yaya ya sauko Jalingo sayayyar biki, ya ce zai raba tafiyar biyu, ya ɗanɗana kowacce.

Muna idar da sallar asuba muka ɗau hanya, ni da Yaya a motar Auta. Sunkani, Garba Chede, har Bali, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai ramuka jefi-jefi. A nan motar Auta ta nuna kanta. In ya rage gudu saboda rami, yana wucewa sai ya ɗan taɓa totur, ta miƙe sumul, babu ɗan fizgar nan da ake ji in otomatik na da ya canja giya. Yaya ya kasa kunne yana jiran ya ji canjin, shiru. Ya ce, "Auta, wai giya nawa gare ta?" Auta ya ce, "Yaya, ai ba ta da lamba."

Gaskiya ya faɗa. A cikin giyabos ɗin babu jerin haƙoran da ake tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Abin ya fi kama da keken ɗinki, inda bel yake haɗa babbar ƙafa da ƙarama, sai dai a nan faɗin ƙafafun yana canjawa mota na cikin tafiya. Kowace ƙafa faifai biyu ne masu tsini suna fuskantar juna, bel na ƙarfe yana zaune a tsakaninsu. In matsin mai ya haɗe faifan, bel ya hau sama, ƙafar ta zama babba. In suka buɗe, ya nutse ciki, ta zama ƙarama. Kwamfutar motar ce take daidaita su kowane lokaci, don injin ya tsaya a inda ya fi tsimin mai. Dabarar ta tsufa, domin kamfanin DAF na ƙasar Holan ya nuna mota mai irin wannan giya tun 1958, da bel na roba. Kamfanonin Japan ne suka yaɗa ta daga baya. Honda Accord mai silinda huɗu da ake sayarwa a Amurka ta koma CVT daga samfurin 2013, yawancin Toyota Corolla na can suka bi daga 2014, shi ya sa mutane da yawa a garuruwanmu suke tuƙa ta ba su ma sani ba, otomatik kawai suke ce mata.

A Bali muka sha mai, kuma tankin Auta bai ci kamar na Kawu ba. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle ga mazaunin Mambila, inda lita take ƙara tsada saboda wahalar hawa da tanka. Amma na ce wa Yaya kada ya yanke hukunci da wannan gwaji, don tsohon inji ne aka gwada da sabo. In samfuri ɗaya ne, shekara ɗaya, tazarar ba ta kai haka ba, kuma direba mai sanyin ƙafa yana iya matse ta.

Mun yi azahar a Serti, garin da hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Kawu ya ce sai an duba masa birki kafin a tunkari dutse, muka shiga wani gareji a bakin titi. Bakaniken dattijo ne, hannunsa duk baƙin mai. Yana kwance ƙarƙashin motar Kawu, Yaya ya tsuguna ya tambaye shi ra'ayinsa. Ya fito, ya goge hannu da tsumma, ya nuna wani faifan kulochi da ke jingine da bango, fuskarsa ta cinye har ƙusoshin sun bayyana. Ya ce, "Alhaji, wannan da safe aka kawo motar, in Allah ya yarda kafin magariba mai ita zai tafi. Waccan kuwa," ya yi nuni da motar Auta da haɓa, "in bel ɗinta ya fara zamewa, ni ba na buɗewa. Sai dai a aika Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a sayo giyabos sukutum, shi ma ba ka san irin wahalar da ya sha a can ba."

Sannan ya kawo maganar da na fi so mai karatu ya riƙe. Ya ce yawancin masu CVT da ake kawo masa sun lalace, man giya ne ya kashe su. Mutum ya tsaya a gefen hanya, yaro ya ɗauko jan man nan na otomatik na da ya ɗura masa. Alhali bel ɗin CVT da kamun faifai yake aiki, ƙarfe a kan ƙarfe, kuma mansa an haɗa shi ne musamman don ya riƙe wannan kamun. Kowane kamfani da nasa: Nissan tana da NS-2 da NS-3, Honda tana da HCF-2, Toyota tana da CVT FE. Aka zuba wanda ba shi ba, bel ya dinga zamewa yana kankare faifan, garin ƙarfe ya bi mai ya toshe hanyoyinsa. Motar ba za ta tsaya a ranar ba. Bayan 'yan watanni ne za a ji ta fara kuka tana rawar jiki, a ɗora laifin a kan masu ƙera ta.

Daga Mayo Selbe hawan yake farawa, kuma duk wanda ya taɓa bi ba ya mantawa. Titi ne siriri da ya nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, hannu ɗaya bango, ɗaya hannun rami mai zurfi da ba a son leƙawa. Yaya ya koma motar Kawu, na bi shi. Kawu ya sa ta a lamba biyu, ya bar ta a nan, tana gurnani tana ci gaba. In ya hango kwana mai tsini sai ya danna hon, ya sauko lamba ɗaya tun kafin motar ta nemi hakan. Hannunsa na dama bai bar kan giya ba. Wata babbar mota ɗauke da buhuna ta tsaya cak a gabanmu a tsakiyar hawa, yaron motar ya diro da gudu ya sa mata waigi. Kawu ya ja birkin hannu, ya jira, da hanya ta buɗe ya saki kulochi da birkin tare, motar ba ta ja da baya ko taku ɗaya ba. Na kalli Yaya, na ga shi ma ƙafar Kawu yake kallo. Irin wannan ƙwarewa ba kowa ke da ita ba, kuma wanda bai iya ba, a wuri irin wannan yake ƙona kulochi.

Motar Auta na biye da mu da mutum biyar da kayan gara a but. Ta hau lafiya, ba za a ɗauke mata wannan ba. Abin da matan da ke ciki suka yi ƙorafi a kai shi ne ƙarar injin, wadda ta tsaya a murya ɗaya tun daga ƙasa. Da muka tsaya a Maisamari, Kawu ya ce a bar ta ta huce. Zafi ne babban abokin gabar wannan giya. Doguwar hawa da lodi suna dafa man, kuma in ya wuce ƙima kwamfutar takan rage wa motar ƙarfi don ta kare kanta. Ga shi kuma iskar sama ba ta da kauri: injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, tsaunin kuwa ya kai kimanin mita 1,600.

Sama wata duniya ce. Tuddai kore shar iya ganinka, shanu jajaye da farare a warwatse, layukan itatuwan zaiti, sanyi yana ratsa riga. Mun wuce Nguroje da yamma, muka hangi gonakin shayi na Kakara, muka isa Gembu hazo ya fara sauka. A tasha na ga tsofaffin Land Rover da suka girme ni, an ɗaure musu kaya har sama, su ne masu shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Washegari da sassafe batirin Kawu ya ƙi tashi saboda sanyi. Samari uku suka tura, ya saki kulochi a lamba biyu, ta kama. Mai CVT ba ta tashi da turi, ba a kuma son a ja ta da igiya tafiya mai nisa.

Bayan biki Yaya ya biyo mu, don zai wuce Abuja da Auta ya biya kuɗin motar. A gangara Auta ya bar giya a D yana ta taka birki, ba mu yi nisa ba ƙauri ya fara tashi daga tayoyin gaba. Kawu ya tsayar da shi, ya leƙa ta taga, ya nuna masa harafin L a jikin giyar. Ya ce, "Auta, ba ado aka yi da wannan ba. Sa ta nan, injin ya riƙe maka motar, birki kuma ka dinga taɓa shi kaɗan-kaɗan." Da ya yi haka muka sauko Mayo Selbe lafiya.

Auta bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma yana da hujja. Mutumin da kullum yake cikin cunkoson Nyanya da Mararraba safe da yamma, ƙafarsa ta hagu ta san darajar motar da ba ta da kulochi. Ya ƙara da cewa matasa yanzu ba sa koyon manuwal, ranar sayarwa ma sai an sha wuyar samun mai saye a birni. Kamfanonin kuma suna gyara raunin CVT: a 2018 Toyota ta fito da CVT mai giyar haƙori guda ta tashi, don a ɗauke wa bel nauyin fizgar farko.

Ni dai da Yaya ya nemi shawarata a Jalingo, manuwal na ce masa. Aikinsa shiga rugage ne, cikin taɓo da duwatsu, da akwatunan magani a baya, kuma garejin da zai iya buɗe CVT yana da nisan yini guda daga gidansa. Manuwal ɗin ya biya. Kai kuma da ka riga ka mallaki mai CVT, don Allah ka buɗe littafin motarka ka ga sunan man da aka rubuta mata, ka saye shi da hannunka a inda ka amince, ka tsaya a wurin har a gama zubawa.