Kaka Biyu Ne Suka Zaɓa Mana Wurin Biki

Daren da aka sa ranar auren Yayarmu, Baba ya kira mu zaure bayan sallar isha'i. Mu uku ne, biyu muna karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗaya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, duk mun zo gida hutu. Ya dube mu ya ce, "Tunda ku ne 'yan boko masu waya a hannu, ku je ku nemo inda za a yi walima. Ku dawo mini da wuri, ku dawo mini da lissafi." Murna ta kama mu, muna ganin aikin yini guda ne. Sai da muka yi kwana tara muna yawo.

Ga yadda lamarin yake. Gidanmu yana Funtuwa. Dangin ango suna wani ƙauye gaba da Malumfashi, ta wajen Ƙafur. Kakarmu, mahaifiyar Baba, tana zaune a Bakori wurin Baffa, yayan Baba, wanda shi ne zai ba da auren. Muna cikin watan Oktoba, biki kuma an sa shi a Disamba.

Da garinmu muka fara. Wanda bai san Funtuwa ba, gari ne na mahaɗa. A nan hanyar Zariya ta haɗu da ta Gusau da Sakkwato, a nan kuma wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi ta tashi. Dare da rana manyan motoci ba sa yankewa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ta nan ya ratsa, kuma shi da auduga ne suka ɗaga garin. Har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa, saboda tsohon garin Maska da sarautar ta samo asali. A 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu. Garin da kuɗi ke zagayawa haka ba ya rasa ɗakunan taro, mu ma ba mu sha wahalar samun su ba.

Na farko da muka shiga sai da muka yi shiru. Sanyin na'ura ya buge mu tun daga ƙofa, ƙasa shimfiɗe da tayil, fitilu kala-kala, ga kujerar amarya da ango kamar ta sarauta. Mai kula da wurin ya faɗa mana kuɗin haya, muka rubuta. Sai ya ce man janareta daban ne. Muka rubuta. Ado daban, masu gadi daban, kuma wurin mutum 200 yake ɗauka, saboda haka sai da kati ake shiga. Na biyu a saman bene yake, ya fi araha kaɗan, daga taga ana hango dutsen Funtuwa. Muka ɗauki hotuna muka tura wa Yaya. Nan take ta amsa cewa na benen take so, don a irinsa aka yi bikin ƙawarta.

Da dare muka kai wa Baba lissafi. Bai ce komai ba, sai ya ɗauki tocila ya ce mu biyo shi. Ɗakin ajiya ya buɗe, inda aka fara jera masarar bana. Ya haska buhunan ya fara ƙirgawa da baki, har ya kai 14, ya tsaya.

"Daga nan zuwa nan, shi ne ɗakin taronku," in ji shi. "Na awa biyar."

Mu da muke ganin mun iya lissafi, a daren muka koyi na manomi. A ƙasarmu ta kudancin Katsina, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, masara da dawa da auduga da waken suya su ne albashi, kuma sau ɗaya ake biyansa a shekara. Da kaka kowa ke fitar da hatsi kasuwa, a Funtuwa da Bakori da Ɗandume, don haka a yawancin shekaru lokacin ne farashi ya fi faɗuwa. Wanda ya iya riƙe nasa zuwa bazara ko farkon damina yakan sayar da daraja. Wanda biki ya matsa wa kuwa, da araha zai rabu da shi. A cikin buhunan nan 14 akwai takin baɗi. Akwai kuɗin rajistarmu mu uku. Akwai kuma kuɗin jarrabawar WAEC da NECO na autarmu da ke ajin ƙarshe na sakandare, kamar wasunku masu karanta wannan shafi.

Baba bai ce a'a ba. Ya ce idan abin da Yaya take so ke nan, zai sayar, 'yarsa ce ta fari. "Amma ku fara zuwa ku gaida surukai, ku ji nasu."

Washegari muka shiga mota a tasha. Tafiyar Funtuwa zuwa Malumfashi ba ta wuce kamar awa guda ba, amma a watan Oktoba kallo ne da kansa. Dama da hagu an karye masara an tara, dawa ta yi kai tana rangaji, auduga ta fara fashewa fari-fari. Yara na tallar rake a bakin hanya, direba ya ce na Ɗanja ne. Malumfashi kuwa gari ne na Galadiman Katsina. A nan marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya taɓa shugabantar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya, ya yi hakimci har rasuwarsa a 2019. Ba mu daɗe a cikin gari ba, muka hau babura biyu muka saki kwalta.

Daga nan ne jikinmu ya fara gaya mana. Hanyar jar ƙasa ce, damina ta zaizaye ta. A wani rafi sai da muka sauka muka naɗe wando, masu baburan suka tura. Ɗayanmu ya ce, "To, a nan motar amarya za ta bi?" Ba wanda ya yi dariya.

Mahaifin ango ya tarbe mu a gindin bishiyar ɗorawa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Bayan gaisuwa muka nuna masa hotunan. Ya duba da kyau, ya ce wuri ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Da muka ambaci kati da mutum 200, sai ya waiwaya ya dubi gidajen ƙauyen.

"'Ya'yana, wa zan ba kati, wa zan hana? Wanda ya yi mini gayya a gona, ko wanda ya haƙa kabarin mahaifina?"

Sai ya tambayi lokaci. Muka ce mai wurin ya ce an fi yin taro daga la'asar zuwa bayan isha'i, lokacin da fitilu suka fi kyau a hoto. Dattijon ya girgiza kai. Ba sai ya yi mana dogon bayani ba, mu ma 'yan yankin ne. Muna sakandare lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma mun ga watannin 2021 da aka katse layukan waya a Funtuwa da Bakori da Malumfashi saboda matsalar tsaro. Tun daga lokacin mutanen karkara suka daina yarda dare ya same su a hanya.

"Duk inda za ku sa mu, za mu zo," ya ce. "Amma ku sa mu inda rana za ta rako mu gida."

A hanyar dawowa muka sauka a Bakori don mu gaida Kaka. Mun same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ta tsokane mu kamar kullum, ta ce mazajenta marowata sun zo hannu rabbana. Muka miƙa mata waya ta ga ɗakin benen. Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Matakala nawa ne?"

Ba mu ƙirga ba. Mun auna faɗin wurin, mun tambayi kuɗin mai, mun duba inda haske ya fi faɗowa, amma ba wanda ya tuna cewa Kaka ta yi shekaru ba ta iya taka ko dokin ƙofa sai an riƙe ta. Ita ce ta yaye Yaya, a ɗakinta Yaya ta yi shekara bakwai.

"Ba komai," ta ce, ta mayar mana da wayar. "Ku je ku yi abinku. Ku ɗauko mini a wannan abin in gani."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Mu kuwa kunya ta hana mu haɗa ido.

Baffa yana gefe yana jin mu. Ya tashi ya ce mu zo mu ga wani abu. Bayan gidan, taku kaɗan daga masallacin unguwa, akwai fili mai faɗi, ƙasarsa a daddaɓe kamar daɓen ɗaki. Masussuka ce, inda ake sussukar dawar gidan da ta maƙwabta. Ɗorawa biyu da mangwaro uku sun yi mata inuwa ta yamma, ga famfon burtsatse a kusa, kwalta kuma ba nisa.

"Kafin ranar bikin an gama sussuka," in ji Baffa. "Ruwa ya ɗauke, ba hadarin da zai kore ku. A nan aka yi bikin ubanku." Ya ƙara da cewa a zamaninsu ko Mamman Shata, wanda ya zauna a Bakori da Funtuwa, a fili irin wannan jama'a ke kallon wasansa, ba mai tambayar kowa kati.

Muka tsaya muna lissafi a tsaye. Mutanen Funtuwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Mutanen Malumfashi sun rage hanya. Baffa ne waliyyi, don haka ɗaurin aure a masallacin ƙofar gidansa shi ne ma daidai. Kaka kuwa, mutum biyu za su iya kamo ta a hankali har gindin mangwaro.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya: gaya wa Yaya. Ta yi kuka sosai. Ta ce ƙawayenta za su ce an yi mata bikin ƙauye, ta ce sau ɗaya ake wannan rana. Ba mu ga laifinta ba, don mu ne muka fara tura mata hotunan. Kwana biyu ba ta yi mana magana ba. Inna ce ta zaunar da ita, mu kuma muka faɗa mata tambayar Kaka da amsar da ta ba kanta. Yaya ta yi shiru. Can ta ce, "To kamu fa?" Aka tsaya a kan cewa kamu da sa lalle a tsakar gidanmu na Funtuwa za a yi, a ƙawata bango ɗaya da labule da fitilu don hotonta da ƙawaye. Ɗaurin aure da walima kuma a Bakori.

Kada ku ɗauka fili kyauta ne. Abin da ba a biya da kuɗi ba, da jiki aka biya shi. Mun share ƙaiƙayi na kwana biyu har jikinmu ya yi ta ƙaiƙayi. Mun kewaye wuri da zana an yi makewayi biyu, na maza da na mata. Mun yi hayar rumfa 6 da kujerun roba 300, maƙwabta suka ba da aron tabarmi. Da asubar ranar muka yi ta jigilar ruwa muna yayyafawa don ƙura ta kwanta. Duka-duka, buhu 4 Baba ya sayar saboda wurin.

Ranar Asabar da ƙarfe 11 na safe aka ɗaura aure. Mutanen ƙauyen ango sun zo cikin motoci biyu na ɗaukar kaya da babura da ba mu ƙirga ba, ba wanda aka tsayar a ƙofa, don babu ƙofar. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Iskar hunturu ta kayar da rumfa ɗaya bayan azahar, ƙura ta shiga wata tukunyar shinkafa, wasu ƙawayen amarya kuma sun yi ta ƙorafin takalmansu masu tsini suna nutsewa. Amma Kaka tana gindin mangwaro a kan tabarmarta tun hantsi. Da aka kawo Yaya ta durƙusa gabanta, tsohuwar ta dafa kanta ta daɗe tana addu'a, har mata suka fara share hawaye.

Ana idar da sallar la'asar baƙin Malumfashi suka kama hanya. Kafin a kira magariba wayar Baba ta yi ƙara, mahaifin ango ne, ya ce sun isa lafiya har an shiga da amarya ɗakinta.

Da dare muna tattara kujeru, Baffa ya ce mana, "Kun sha yawo, amma ba ku kuka zaɓa ba. Kaka biyu ne suka zaɓa: ta cikin ɗaki da ta gona." Gaskiya ya faɗa. Ɗaya ta tambaye mu matakala, ɗaya ta share mana fili ta kuma nuna mana iyakar aljihunmu.

Ƙannenmu ɗalibai, wata rana ku ma za a aike ku irin wannan aike, don a gida ana ganin mai waya ya san komai. Ba mu ce ɗakin taro laifi ne ba. Wanda yake da hali, jama'arsa kuma suna kusa, ya yi abinsa. Amma kafin ku ɗauki hoton wuri, ku tuna wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, da wanda ya fi kowa nisa, ku kuma tambayi mai biya abin da zai sayar.

Autarmu ta rubuta jarrabawarta. Da muka je gaida Kaka da damina, mun leƙa bayan gida. Ciyawa ta rufe masussukar, awaki na kiwo a inda aka kafa rumfar amarya, dawar Baffa kuma ta kai mana ƙugu.