Waɗanda Suka Tsira

In an yi wa gari kisan kiyashi, abin da mutane kan fara tambaya shi ne, mutum nawa suka mutu? Sai a ƙidaya su, a sallace su, a rufe, a yi ta'aziyya, a watse. Wanda ya tsira kuwa sai a yi masa barka da arziki, a ɗauka shi ke nan ya fita. Ni ma da haka na ɗauka, har Allah ya kawo mini wani baƙo gidana a Birnin Kebbi, ya zauna da ni shekara biyu da 'yan watanni. Ni ba likita ba ne, malamin ofis ne, iyakar karatuna allo da firamare. Abin da na gani da idona, da abin da kakata ta gaya mini, da ɗan abin da na tsinta a bakin masana, su zan rubuta muku.

A cikin watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka faɗa wa waɗansu ƙauyuka na Danko-Wasagu, cikin ƙasar Zuru, bisa babura. 'Yan sanda suka ba da lissafin mutum 88 da aka kashe. Da damina ta yi tsaka sai wani abokin aikina ya zo mini da wani saurayi ɗan wajen shekara 19, ya ce daga wajen can yake. Ubansa da yayyensa biyu sun riga mu gidan gaskiya, uwarsa ta koma wurin danginta, shi kuwa ba shi da inda zai sa kansa. Na ba shi shagon ƙofar gida, na kuma sama masa aiki wurin wani mai gonar shinkafa a fadamar Rima.

Yaro ne mai ladabi, ba ko ƙwarzane a jikinsa, amma ba a yi mako biyu ba muka lura da waɗansu abubuwa. Ba ya zama sai ya jingina da bango yana fuskantar ƙofa. Da takalmansa yake kwana, in ma ya kwanta ke nan, domin sau da yawa in na fito cikin dare sai in tarad da shi zaune cikin duhu, ido biyu. In an sa masa nama cikin miya sai ya ture shi gefe. Mai gona ya aiko mini cewa yaron yana da ƙarfi, amma sai ya tsaya tsakiyar kunya riƙe da fartanya ya yi ta kallon wuri guda, a kira shi sau uku bai ji ba.

Ran nan da dare aka yi rakiyar amarya a unguwarmu, 'yan kabu-kabu sun fi ashirin suka biyo ta ƙofar gidana suna ta busa ƙaho. Da suka wuce muka nemi yaro muka rasa. Sai can uwargida ta haska fitila bayan rumbu, ga shi duƙunƙune, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, jikinsa na kaɗawa, bai ma gane mu ba. Kashegari magana ta bazu. Wani ya ce iskoki ne, wani ya ce ƙwaya yake sha, wani kuwa ya ce ragwanci ne kurum, don kada ya je gona.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na kira shi zaure na yi masa faɗa, na ce, "Kai ba namiji ba ne? Kai kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Musulmi yakan ɗauki ƙaddara."

Ya sunkuyad da kai, ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Baba, wallahi na ɗauka. Jikina ne ya ƙi ɗauka."

Maganan nan ta hana ni barci, domin ta tuna mini da wata mata wadda ban taɓa gani ba, watau uwar kakata, 'yar Satiru.

Yaran yanzu ba su san Satiru ba. Wani gari ne kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, wanda talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu suka cika. Wani malami mai suna Isa ya tashi a can da da'awar Mahadiyanci, tare da Ɗan Makaho, wanda ya gudo daga ƙasar da Faransa ke mulki. Suka ƙi biyan haraji, suka ƙone wani ƙauye na maƙwabtansu da ya ƙi bin su. Ran 14 ga Fabrairu 1906 Turawa suka fita da soja bisa dawaki don su kamo shugabannin, sai mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanyu da baka, suka kashe Turawa 3 da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Gwamna Lugga ya tattaro rundunar da ta fi ta farko nesa. Ran 10 ga Maris aka koma tare da dawakin Sakkwato, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kora mata da yara wajen 3,000 zuwa Sakkwato, aka ƙone garin ƙurmus. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya la'anci wurin, aka hana kowa ya sake gini ko noma a can, ya zama kufai. Wutar ta taɓa mu har nan, domin a shekaran nan Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana tare da Satirawa, suka naɗa Haliru.

Uwar kakata budurwa ce sa'an nan, ba ta kai ga aure ba. Tana cikin waɗanda aka kora zuwa Sakkwato, ta faɗa hannun wani gida, daga baya aure ya kai ta Argungu, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Duk wanda ya dube ta ya ce ta tsira. Amma kakata ta ce ba ta taɓa jin uwarta ta ambaci sunan garinsu ba. In aka tambaye ta ita mutuniyar ina ce, sai ta ce, "Ta gabas." In rani ya yi, aka sa wa daji wuta, ƙaurin ciyawa ya shigo gari, sai ta shige ɗaka ta ja asabari, ta wuni ba ci ba sha. Kullum akwai ƙullin gari da take ɓoyewa ƙarƙashin gado, ko a shekarar da rumbu ke cike. Kishiyoyinta suna ce mata mai iska. Sai da ta kwanta ciwon ajali ta kira kakata, ta lasafta mata sunan ubanta da na ƙannenta maza uku, ta ce a yi musu sadaka, domin ba wanda ya sallace su.

Abin kuwa bai tsaya a kanta ba. Na tuna muna yara in muka je Argungu hutu, kakata takan tashi tsakar dare ta bi mu ɗai ɗai tana taɓa kawunanmu tana ƙidaya, ita da ba ta taɓa ganin yaƙi ba. Ni kaina ba na kwanciya sai na duba sakatar ƙofa sau uku, da ina tsammani hali ne kawai.

Da na fara tambayar masu ilmi sai na ji ashe ciwon nan sananne ne. A ƙasar Ruwanda, cikin 1994, masu mulkin lokacin suka shirya ƙare kabilar Tutsi, aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. Ban ce abin da ya same mu daidai yake da wannan ba, can da nufin ƙare dangi aka yi. Amma abin da ya sami waɗanda suka tsira iri ɗaya ne. Kowace shekara daga 7 ga Afrilu sukan yi zaman tunawa da matattunsu, kuma a wurin taron akan ajiye ma'aikatan lafiya, domin mutane sukan faɗi suna ihu, numfashi na sarƙe su, kamar yau abin ke faruwa. Har waɗanda aka haifa bayan kisan akan samu cikin masu faɗuwa. Sun kuma kafa kotunan gargajiya da suke kira gacaca daga 2002 zuwa 2012, inda jama'ar ƙauye kan zauna a fili, mai laifi ya faɗi abin da ya yi, ya nuna inda aka jefa gawa. Akwai masu kushe kotunan nan, da hujjarsu kuwa, amma dai mutane da yawa ta nan suka sami ƙasusuwan iyayensu suka rufe. Uwar kakata ba ta sami ko da wannan ba.

Bayanin likitoci ba shi da wuya. Allah ya halicci jikin mutum da shirin gudun hatsari: zuciya ta buga da sauri, gumi ya karyo, ƙafa ta ɗauka tun hankali bai gama shawara ba. In tsoro ya wuce kima, shirin nan yakan ƙi kwantawa ko bayan hatsari ya wuce, sai ƙara, ko wari, ko wani abu mai kama da na ran nan ya ta da shi. Mu ma mun san haka, mu ne muka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mun faɗe shi a karin magana, amma da muka gan shi a jikin yaro sai muka ce ragwanci ne.

A ganina abin ya fi cin samari da 'yan mata. Tsoho ya riga ya kafa gidansa, jinjiri kuwa bai san abin da aka yi ba. Amma mai shekara 19 lokacin ne zai koyi riƙon gona a hannun ubansa, a nema masa aure, sai a wayi gari ba uba, ba gona, ba wanda zai shige masa gaba. Daga nan waɗansu kan faɗa shaye-shaye don su sami barci, waɗansu kuwa ba su da zance sai na ramuwa. Baƙona ma ya taɓa tambayata kuɗin bindiga.

Na ba shi haƙuri bisa faɗan da na yi masa, na daina tambayarsa kome. Sai dai bayan lisha in ɗauki tabarma in zauna ƙofar shagonsa, mu yi hirar shinkafa. Mun yi wata uku a haka kafin ya buɗe baki. Ashe ran da abin ya faru ubansa ya aike shi ya koro awaki, ya ji babura, ya faɗa wani kwazazzabo ya lafe. Daga nan yana jin wansa yana ƙwala masa kira, yana kiran sunansa, har muryar ta ɗauke. Bai fito ba. Ya ce, "Baba, muryan nan nake ji kowane dare."

Ban ce masa ya manta ba. Na ce wansa nemansa yake don ya tabbata ya ɓuya, ga shi kuwa ya ɓuya. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ya dai yi kuka, wanda bai taɓa yi ba tun zuwansa. Sa'an nan na yi abin da na iya, na ɗauko littafi da alƙalami, ya faɗi sunayen mutanen unguwarsu da suka mutu, ina rubutawa kamar yadda nake cika rajista a ofis. Ran Juma'a uwargida ta toya waina, liman ya karanta sunayen ya yi musu addu'a. Na sa sunayen nan huɗu na Satiru a ƙarshen shafi. Ku da kuka sami rubutu da girmanku, ga wani aiki da alƙalaminku zai iya yi wa maƙwabci.

Na kuma kai shi asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato, ko da yake maƙwabta sun ce zan ɓata masa suna. Likita ya zauna da shi fiye da sa'a guda, ya gaya masa ba hauka ba ne, ciwo ne mai magani, ya ba shi abin da zai taimake shi barci, ya sa mana ranar komowa. Addu'ar malamai kuwa ba mu bari ba. Sannu a hankali ya fara tuɓe takalma da dare. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, har ya iya karanta littafin nan da kansa. A ƙarshen 2023 ya sami aiki wurin masu casar shinkafa a Argungu, ya koma can.

Cikin watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka kashe mutane aƙalla 15 a Mera, cikin Augie, ƙasar Argungu. Kwana biyu bayan haka, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne. Bai yi bayani ba, ni kuma ban tambaya ba, uwargida ta share masa shago. Da na leƙa da asuba na ga da takalmansa ya kwana. Bayan mun komo masallaci ya ce, "Baba, ina littafin nan?" Na ɗauko masa. Ya zauna a zaure ya karanta sunayen a hankali, yana bi da yatsa, har na Satiru. Ya sha kunu, ya ce zai bi motar farko, domin kaka ta yi, shinkafa ta taru a wurin aiki.