Yini Guda A Jirgin Da Ba Ya Sauri

Mai karatu, yaushe rabonka da ka zauna da amininka awa shida ba wanda ke duba agogo? Ni sai da na je Ingila na samu hakan, a hanyar ruwa ta Grand Union, wadda ta haɗa Landan da Birmingham.

Mutane ne suka haƙa irin waɗannan hanyoyi fiye da shekara 200 da suka wuce, don jigilar kwal da kayan masana'antu. A da dawakai ke jan jiragen daga gefe. Yau gefen ya zama na masu tattaki da keke, jiragen kuma na shaƙatawa, wasu ma a ciki suke zaune. Sirara ne, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, amma tsawon wani ya kai 70.

Mu huɗu muka yi hayar ƙarami kusa da Warwick, duk tare muka yi jami'a. Doka ta hana wuce mil 4 a awa, har mai sassarfa a ƙasa kan wuce ka. Inda ƙasa ta yi tudu, sai jirgi ya shiga wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya. A rufe, a murɗa mabuɗin ƙarfe, ruwa ya cika ya ɗaga jirgin. A Hatton irinsu 21 ne a jere. Mu biyu muka wuce, kafaɗa ta ji a jika.

Da aka buɗe kular dambun nama, halin aikina ya motsa. Na ce kowa ta wanke hannu da sabulu, domin irin wannan ruwan na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, kuma igiyar jirgi a jiƙe take.

Bayan azahar hira ta lafa. Ɗaya daga cikinmu, wadda kullum a WhatsApp amsarta “lafiya lau”, tana riƙe da sandar tuƙi ta ce, “Ƙawata, wata uku ke nan ban sha maganin hawan jinina ba.” Aikin dare, yara, ga kaɗaici, kuma ba ta jin ciwon komai. Na tuna mata abin da ta sani: hawan jini ba ya sallama, sai dai a ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Kafin mu mayar da jirgin ta yi alkawarin ganin likitanta, ta kuma cika.

Shekara biyu muna waya ban taɓa jin wannan maganar ba. Kai ma kana da wanda kullum ke ce maka lafiya lau. Ba sai da jirgi ba, tabarma da shayi sun isa. Ka je, ka zauna, kada ka yi saurin tashi.