Ƙidayar Dukiyar da ke Cikin Ruwa

Makiyayi kan ƙidaya shanunsa da ido, manomi ya ƙidaya dammunan geronsa a bakin rumbu. Masunci kuwa dukiyarsa tana ƙarƙashin ruwa, ba a ganin komai sai abin da taru ya fito da shi. A Tumbutu, cikin gundumar Malanbil ta arewacin Benin, inda kogin Kwara ya raba ƙasar da Nijar, duk mai son sanin yawan kifin da ake kamawa sai ya bi ta hannun masunta.

Dabarar ita ce tambaya da awo. A fara ƙidaya jirage da kayan su: taru, birgi, mamari da gura. Sa'an nan a keɓe 'yan kwanaki a wata, a tari wasu jirage da sassafe, a auna tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, a ninka da yawan jiragen da suka fita. Haka aka yi a tafkin Kainji a shekarun 1990, cikin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus.

Amma masunci in ya ga baƙo da takarda, haraji yake tunawa, sai ya rage adadi. Kifin miyar gida ma ba ya hawa sikeli. Da haka hukuma kan ɗauka su bai yi yawa ba, ta ƙyale taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi kafin su isa yin ƙwai. Mai takarda ya koma birni, masunci kuwa baɗi ya dawo gaɓa da jirgi wayam.